Yadda zaka sa batirin litiyam a jirgin ruwa ba tare da ka ƙona altaneta ko jirgin ba

Tunda aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tada ƙaramin janareta saboda fitila da cajin waya kawai ya zama asara, kuma duk mai jirgin inji, ko na fito ne a Yawuri ko na dakon kaya a Lokoja ko na kamun kifi a tafkin Kainji, yanzu maganar litiyam yake ji ta ko'ina. Batirin yana da kyau wallahi babu ja, amma akwai maganar da wasu masu shago suke yi wadda ita ce take jawo kuka, wai "cire tsohon ka saka wannan shikenan". A ɗaki mai inbata wataƙila ka sha da hakan, amma a jirgi akwai inji, akwai jarkokin fetur, akwai laima, akwai jijjiga, kuma idan wuta ta ɗauke kana tsakiyar ruwa babu shagon da zaka leƙa. Batirin shi ne abu mafi sauƙi a aikin, inda ake cin mutum shi ne kayan da suke kewaye da shi.

Da farko ka san wane litiyam ake magana, domin ba iri ɗaya bane. Wanda ya dace da jirgi shi ne wanda aka rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa. Sel huɗu ne a ciki kowanne 3.2V, idan ka haɗa ya baka 12.8V, shi yasa yake zama daidai da kayan 12V. Wannan nau'in yana da wuyar kamawa da wuta idan ka kwatanta shi da irin na waya da laftof. Batiran nan da ake haɗawa a kasuwa da tsofaffin sel na laftof a naɗe da salatif, don Allah kada su shiga jirginka ko kyauta aka baka, wutarsu ba irin wadda ake kashewa da bokiti ɗaya bace.

Abinda yake jan mutane shi ne wannan, batirin ruwa, wato irin na mota mai asid a ciki, mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka) nauyinsa wajen kilo 30 ne kuma rabinsa kawai zaka ci idan kana so ya yi ƙarko, wato 50Ah. Litiyam mai 100Ah bai fi kilo 11 zuwa 13 ba kuma zaka iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kullum ba tare da ya ji komai ba, sannan kamfanoni suna rubuta zagayen caji 2000 zuwa sama, inda na ruwa yake gajiya a ɗaruruwa. Kenan guda ɗaya yana maye gurbin kusan guda biyu, ga sauƙin nauyi.

Kafin ka je Sabon Gari ko ka aika Alaba, zauna da biro ka yi lissafin abinda kake ci a rana. Mutane basa son wannan ɓangaren amma minti goma ne. Kowane kaya ka ninka wat ɗinsa da awannin da yake aiki, abinda ya fito shi ake rubutawa Wh. Misali fitilun LED huɗu masu 5W awa 5 ya baka 100Wh, babbar fitilar haska gaba mai 50W awa 1 ya baka 50Wh, famfon kwashe ruwa mai wajen 40W awa 2 ya baka 80Wh, wayoyin fasinja guda 10 kowacce ka bata 15Wh ya baka 150Wh. Jimla 380Wh. A nan ko batir mai 50Ah wanda yake ɗauke da 640Wh ya ishe ka. Amma da zarar ka ce zaka sa firizar DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, domin kifi, mai cin 60W kuma kwamfuresa tana aiki kamar awa 10 a rana saboda zafinmu, an ƙara 600Wh kenan, ka koma 980Wh. Batir mai 100Ah gaba ɗayansa 1280Wh ne, kashi 80 ɗinsa 1024Wh, kaga kana bakin gaɓa, rana ɗaya aka yi hadari kifi ya fara wari. Mai firiza ya nemi 200Ah kawai ya huta.

To yanzu ga babbar ƙa'ida, wadda idan ita kaɗai ka riƙe ka ci riba. Kada ka cire batirin da yake tada inji. Ka bar masa batirinsa na ruwa yadda yake, litiyam ya zama na hidima, fitila da firiza da caji. Layi biyu daban.

Dalilin yana cikin wani ƙaramin allo da yake cikin kowane litiyam wanda ake kira BMS. Aikinsa gadin sel, idan wuta ta yi yawa, ko ta yi ƙasa sosai wajen 10V, ko an ja fiye da ƙarfinsa, ko zafi ya wuce iyaka, sai ya yanke batirin gaba ɗaya nan take, ba gargaɗi ba sallama. Yawancin masu 100Ah BMS ɗinsu 100A yake bari ya wuce, ita kuma kikstata, wato motar da take tada inji, a daƙiƙar farko tana iya jan fiye da haka nesa ba kusa ba, sai ka murza makulli kaji tsit. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai muni shi ne inji yana tafiya altaneta, wato na'urar jikin inji mai cajin batir, tana caji, batir ya cika BMS ya yanke, wutar da altaneta take turowa ta rasa inda zata, sai ta yi tsalle sama cikin ƙiftawar ido ta ƙona dayod ɗin altaneta ko raktifaya, wani lokacin ta haɗa da duk wani kayan lantarki da yake kan layin. Batirin ruwa baya taɓa yankewa, shi yasa zamansa a kan layin inji yake zama kariya.

Akwai matsala ta biyu. Batirin ruwa idan yana caji da kansa yake rage abinda yake karɓa yayin da yake cika, altaneta ta samu ta huta. Litiyam kuwa sha yake kamar raƙumin da ya daɗe bai ga rijiya ba, duk abinda altaneta zata iya bayarwa zai karɓa har sai ya kusa cika. Altaneta ta mota ba'a yi ta don ta yi awanni tana bada iyakar ƙarfinta ba, musamman idan inji yana silo fankarta bata juyawa da sauri, sai ta yi zafi koyil ya ƙone. Masu manyan jirage da suke ɗora injin dizal na mota a ciki, ku wannan ya fi shafa.

Maganin duka biyun abu ɗaya ne, cajar DC-DC. Wani ɗan akwati ne da yake zama tsakanin batirin inji da litiyam, yana ɗiban wuta daidai gwargwado, ya gyara ta zuwa abinda litiyam yake so, kuma baya fara aiki sai inji ya tashi. Victron suna da Orion mai 18A da 30A, Renogy suna da mai 20A da 40A, akwai wasu ma. Wajen zaɓa kada ka wuce rabin ƙarfin altanetarka, idan 60A ce to 30A iyaka, ni ma dai na fi son a tsaya a 20A idan wajen injin a rufe yake babu iska. Bayan ka haɗa ka bar inji ya yi rabin awa yana caji sannan ka duba zafin altaneta, idan kana jin ƙaurin fenti ko roba to ka rage.

Kuma idan akwai tsohuwar rile ɗin nan mai haɗa batira biyu da kanta idan inji ya tashi, cire ta. Ita tana gane inji ya tashi ne idan ta ga wuta ta kai wajen 13.3V, ta saki idan ta sauko wajen 12.8V, shi kuma litiyam a zaune ma ba'a cajinsa yana nuna 13.2V zuwa 13.3V, sai rile ɗin ta ƙi saki, litiyam ya kwana yana zuba wuta cikin batirin ruwa.

Masu injin baya, wato Yamaha Enduro da ire-irensa da ake ja da igiya, naku labarin daban ne kuma gara a faɗi gaskiya. Koyil ɗin da yake cikin irin waɗannan injina ƙarami ne, don fitila aka yi shi, abinda yake bayarwa 'yan amfiya ne ƙalilan kamar 6, shi ma sai an taka inji sosai. Idan ka ɗaura masa DC-DC mai 30A ba daga inji zata ɗiba ba, batirin injin zata tsotse. Sannan wasu raktifaya kawai gare su, mai mayar da wutar koyil irin ta batir, babu regileta mai hana ta wuce iyaka, wutar tana iya haurawa 15V ko 16V idan batir ya cika, abinda BMS ba zai yarda da shi ba, zai yanke, mu koma waccan matsalar. Shawarata ka bar injin baya ya ji da kansa, litiyam ɗinka ka bashi rana. Allah ya hore mana ita.

Lissafin sola haka yake, a arewa ka ɗauka kana samun cikakkiyar rana kamar awa 5, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara saboda zafi da ƙura da waya. Fanel mai 200W zai baka wajen 750Wh a rana. Mai 380Wh ɗin can fanel ɗaya mai 150W ko 200W ya wadatar da shi har da rara. Mai firiza yana buƙatar aƙalla 300W, kuma saboda damina da hazon hunturu 400W ya fi kwanciyar hankali. Kwantirola, wato akwatin da yake daidaita wuta tsakanin fanel da batir, ka sayi nau'in MPPT na gaske mai saitin litiyam, na 400W mai 30A zai ɗauka, irinsu Victron 100/30 ko Epever. A kasuwa akwai wani nau'in kwantirola daban, ƙananan PWM marasa nauyi, da ake mannawa takardar MPPT, ɗaga shi ka ji, na gaske yana da nauyi saboda koyil ɗin da yake ciki, kuma zaka ga an rubuta yana karɓar wutar fanel har 75V ko 100V.

Fanel a ɗaure shi da kusoshi a kan rumfar jirgi da ɗan fili a ƙasa iska ta riƙa wucewa, kada yara su jibga tarko ko buhu a kai, inuwar sanda ɗaya ma tana rage wuta fiye da yadda kake zato. Wajen haɗawa kullum batir ake fara haɗawa da kwantirola sannan fanel, wajen cirewa kuma fanel ake fara cirewa.

Saitin caji ko a sola ko a DC-DC ko a cajar da kake sawa a wutar NEPA idan ka zo gari duk ɗaya ne. Iyakar caji 14.2V zuwa 14.4V, kada ya wuce 14.6V domin kowane sel iyakarsa 3.65V. Na riƙewa bayan ya cika 13.5V. Abinda ake kira ikwalaizeshan, wanda caja take ɗaga wuta sama da 15V don wanke batirin ruwa, a kashe shi gaba ɗaya. Haka ma saitin da yake canza wuta gwargwadon zafin gari, na batirin ruwa ne, kashe shi. Tsohuwar cajar masu cajin batir ta bakin kasuwa mai tiransifoma wadda bata san tsayawa ba kada ka kai mata litiyam. Idan takardar kamfanin batirinka ta faɗi wasu lambobi daban, nasu zaka bi.

Sai fiyus, kuma a nan ne nake ganin an fi yin ganganci. Litiyam idan fositib da negatib suka haɗu, ko sifana ta faɗo a kai, yana iya sakin dubban amfiya lokaci guda, waya ta yi ja ta narke kafin ka ce me. Wani zai ce ai BMS zai yanke, eh yana iya yankewa, yana kuma iya ƙonewa ya manne wuta ta cigaba da wucewa. Saboda haka dole babban fiyus a kan fositib, dab da batir. Ƙa'idar ABYC ta Amurka, ƙungiyar da take tsara yadda ake wayarin jirage wadda ta fitar da babi na musamman kan litiyam mai suna E-13 a 2022, ta ce fiyus ya kasance cikin inci 7 daga kan batir, wajen santimita 18 kenan, duk abinda ya wuce haka waya ce marar gadi. Kuma ba kowane fiyus bane, akwai iyakar wutar da fiyus zai iya katsewa ba tare da wutar ta tsallaka ta cigaba da ci ba. Fiyus nau'in Class T yana katse har 20,000A, MRBF mai zama a kan batir kai tsaye 10,000A a layin 12V, ANL wajen 6,000A. Batir ɗaya mai 100Ah MRBF ya yi, babban tari kuwa Class T. Bureka ɗin gida na AC ba'a sa shi a nan. Dabarar rewaya ta naɗa silin waya a maimakon fiyus kuma, a bar ta a tasha.

Ka tuna fiyus waya yake karewa ba kaya ba, don haka girmansa ya bi kaurin wayar. Bayan babban fiyus sai babban suwic na kashe komai, sai ƙaramin akwatin fiyus inda kowane layi yake da nasa.

Waya kuma a sayi jan ƙarfe zalla mai sili-sili, idan da hali wadda aka shafe da kuza saboda laima bata cinta da wuri. Akwai wayar alminiyam da ake shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare sili ɗaya da wuƙa, idan ka ga fari a ciki mayar masa da kayarsa, irinta a jirgi bata shekara take zama gari. Wayar gida mai sanda ɗaya ita ma jijjigar inji tana karya ta.

Kaurin waya a 12V ba wasa bane saboda tsawo yana cin wuta, kuma tsawon da ake lissafawa zuwa da dawowa ne. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 15, batir yana baya fitila mai 50W tana gaba, wayar mita 30 kenan tana ɗauke da wajen 4A. Da waya mai 1.5mm, wato mm² da ake rubutawa a jikin waya, zaka rasa wajen 1.4V a hanya, sama da kashi 10 cikin ɗari, fitila ta yi dishi-dishi ka ɗauka batir ne. Da mai 6mm asarar bata fi 0.35V ba, ƙasa da kashi 3, wanda shi ne abinda ake so ga fitilar tuƙi da famfo. Tsakanin MPPT mai 30A da batir a sa 10mm kuma a gajarce. Inbata mai 1000W tana jan wajen 90A, tana so 35mm gajeriya da fiyus 125A, kuma kaga ta kusa cinye iyakar BMS mai 100A ita kaɗai. Ni a ganina idan zaka iya guje wa inbata a jirgi ka guje mata, fitila akwai ta DC, firiza akwai ta DC, cajar waya akwai soket ɗin USB na 12V, me zai sa ka kawo 230V wajen da ƙafar kowa take cikin ruwa. Wanda dole sai ya sa, ya sani ranar farko idan ya haɗa tana iya yin tartsatsi ko BMS ya yanke saboda kafasitocin cikinta suna zuƙar wuta lokaci guda, ana fara bi ta cikin ƙaramin resista ko kwan mota na 'yan daƙiƙu kafin a ɗaure wayar.

Bakin waya a matse shi da kan tagulla da abin matsewa na gaske, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, ba murɗawa da filaya a naɗe da salatif ba. A kan batir babban kai ne yake fara zama, wosha, wato zoben ƙarfen nan na noti, tana sama ba tsakanin kai da batir ba, a ɗaure tam. Haɗin da ya yi sako-sako zafi yake yi, kuma yawancin gobarar wayarin daga nan take farawa ba daga cikin batir ba.

Inda zaka ajiye shi, nesa da jarkar fetur, kuma ba cikin rami ɗaya da ita ba, tururin fetur ƙasa yake kwanciya kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A ɗaga shi daga ƙasan jirgi inda ruwa yake taruwa, a sa shi cikin akwati mai murfi a ɗaure da bel yadda ko igiyar ruwa ta buga ba zai motsa ba, a rufe kawunansa. Idan zaka samu mai lambar IP65 ko IP67, alamar yana jure ƙura da ruwa, ya fi. Takardun Turawa zaka ga suna ta gargaɗin kada a yi caji ƙasa da 0°C, wannan ba damuwarmu bace, tamu zafi ce, yawancinsu iyakar cajinsu 45°C, kuma a watan Afrilu akwatin ƙarfe da yake cikin rana ya wuce haka cikin sauƙi. Inuwa da 'yar iska, kuma ba kusa da salansa ba.

Famfon kwashe ruwa ina ganin ya fi dacewa ya zauna a kan batirin ruwa da fiyus ɗinsa daban, ko aƙalla a yi masa suwic mai zaɓar batir, saboda lokacin da kake tsananin buƙatarsa ba lokacin da BMS zai yanke maka bane. Haka fitilar tuƙi. Kuma don ka samu fitila mai haske ba lasisin tafiyar dare bane, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana zirga-zirga daga 6 na yamma zuwa 6 na safe, kututturan itacen da suke ƙarƙashin ruwan Kainji fitila bata nuna su.

Abu na gaba da mutane suke raina shi ne mitar sanin abinda ya rage. Batirin ruwa kana duba bolt ka gane ko ya yi rabi, litiyam kuwa daga kusan cike har ya sauko wajen kashi 20 ko 30 yana nan tsakanin 13.3V da 13.0V, sai daga ƙarshe ya faɗo lokaci guda. Don haka a sa mita mai shant, wato ɗan ƙarfen awo da duk wuta take bi ta cikinsa, irin SmartShunt ko BMV-712 ko masu araha irinsu, tana ƙirga abinda ya shiga da abinda ya fita. Shant ɗin yana zama a kan negatib, kuma dole duk wani negatib na kaya da na caja ya bi ta bayansa, waya ɗaya tak ce zata taɓa kan batir, in ba haka ba lissafin ƙarya zata baka. Batira masu Bluetooth suna nuna wannan a waya, har ka ga kowane sel, kuma wannan yana taimakawa tun a shago, sel huɗun su kasance kusa da juna.

Wajen saye ka ɗora shi a sikeli. An rubuta 200Ah amma nauyinsa kilo 12, to ba 200Ah bane. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce, kuma makon farko ka cika shi ka kunna kaya har ya sauka kana kallon mita ka ga Ah nawa ya bayar da gaske. Idan biyu zaka jera su zama kamfani ɗaya girma ɗaya, ka cika kowanne daban tukuna sannan ka haɗa, wayoyinsu tsawo ɗaya, kowanne da fiyus ɗinsa, ka ɗauki fositib daga wannan negatib daga wancan don su riƙa aiki tare.

Ranar kunnawa kada ka sa babban fiyus sai ka bi kowane layi da mita ka tabbatar ja yana kan ja, ka cire agogo da zobe, ka naɗe sifana da salatif. Ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, bayan minti 20 ka bi kowane haɗi da bayan hannu, duk wanda ya yi ɗumi a kwance a sake matsewa. Bayan sati biyu na aiki a sake bin kusoshin domin jijjiga tana sassauta su. Idan kuma jirgi zai yi watanni a ajiye, ka bar batirin a wajen kashi 50 zuwa 60, ka kashe babban suwic ka cire sola, duk wata uku ka leƙa shi, idan ya sauko ka ɗan ƙara masa.